Yadda ake tantance sakamakon CNV kafin a yarda da shi

Tambaya: Malam, ina aiki a ɗakin gwajin ƙwayoyin halitta. Mun karanta DNA na mutane da dama, sai manhaja ta fito da CNV a samfur ɗaya ninki uku na sauran. Ta yaya zan gane na gaskiya?

Amsa: Malama, kafin ki duba jerin nan, ki fara zargin samfurin kansa. CNV yanki ne na DNA da ya ɓace ko ya maimaitu, maimakon kwafi biyun da mutum ke gada daga uwa da uba. Galibi manhaja ƙirga take yi: guntayen karatu, wato ƙananan gutsattsarin DNA da na'ura ta karanta, nawa suka sauka a wurin; wannan adadin shi ne zurfin karatu. Idan zurfin karatunki 30 ne, ɓacewar kwafi ɗaya zai sauko da shi kusan 15, ƙarin kwafi ɗaya kuma ya kai shi kusan 45. To idan DNA ya lalace tun wajen ɗiba, ko wuraren da ke cike da haruffan DNA na G da C ba su karantu daidai ba, zurfin zai riƙa hawa da sauka, manhaja kuma ta ɗauki kowane gangare a matsayin CNV. Irin wannan samfur sake shi ake yi.

Idan samfurin ba shi da wannan matsala, sai ki buɗe kowane muhimmin sakamako a IGV, manhajar da ke nuna guntayen karatu a hoto, ki gani da idonki. Ɓacewa ta gaskiya tana da baki biyu a sarari, sau da yawa har da guntayen karatu da suka rabe daidai bakin. Abin da na fi dogara da shi shi ne wannan: idan kwafi ɗaya ne ya rage, ba za ki tarar da haruffa iri biyu a wuri ɗaya cikin yankin ba, domin babu kwafi na biyu da zai bambanta da shi. Kin gan su da yawa, sakamakon ƙarya ne. Wanda ya bayyana a duk samfuran da aka karanta tare kuwa, ko matsalar aikin ce, ko abu ne gama-gari, sai ki duba gnomAD, rumbun bayanan bambance-bambancen DNA na jama'a.

Inda nake so ki fi yin hattara shi ne wuraren da DNA ke kama da juna. Ƙwayoyin halitta HBA1 da HBA2 a kromosom na 16 kusan tagwaye ne, guntun karatu mai haruffa 150 ba ya iya bambance su sosai. A nan ne ake samun ɓacewar haruffa kusan 3,700 mai jawo alfa talasemiya, wata larurar jini ta gado, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma, kuma tana sauya yadda sikila ke bayyana a jikin mai ita. Manhaja kan tsallake ta ba ta gani ba, saboda haka shirun manhaja a wannan wuri ba shaida ba ne.

Duk sakamakon da zai je hannun likita, ki tabbatar da shi ta wata hanya daban, kamar gwajin MLPA ko PCR, masu duba wurin kai tsaye, in da hali kuma ki gwada iyayen.