Yadda kyamara ke nuna kaɗaici ba tare da jarumi ya buɗe baki ba

Tambaya: Malam, ina koyon harkar fim a nan Agege, kuma ina shirya gajeren labari a kan wani ɗan ci-rani mai dako a kasuwar Mile 12, wanda kewar matarsa ta dame shi. Abokan aikina sun ce in sa masa waƙa, ni kuwa raina bai kwanta da hakan ba. Ina mafita?
Mai karatu daga Agege, Legas

Amsa: Ɗan'uwa, waƙa ba aibu ba ce, domin Kannywood ta daɗe tana amfani da ita wajen faɗin abin da kunya ke hana masoya furtawa. Amma kewa irin ta ɗan dakonka ta fi fitowa a wurin tace fim, wato yanka hotuna da haɗa su.

A wajajen 1920, wani darakta ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya yi amfani da hoton fuskar jarumi wadda ba fara'a ba ɓacin rai, ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da yarinya a akwatin gawa, sannan da mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Saboda haka kada ka wahalar da jaruminka da kukan dole. Ka nuna shi yana cin abinci a tsaye, ka yanka zuwa wata mata tana zuba wa mijinta ruwan wanke hannu, ka dawo kan fuskarsa, mai kallo zai ƙarasa sauran da kansa.

Legas kuma ta ba ka abin da kuɗi ba sa saya, wato cunkoso. Ka ja kyamara nesa, ka bar shi kaɗai ya fito tar, jama'ar da ke wucewa su yi dishi-dishi, sannan ka riƙa rage hon ɗin danfo, wato motocin haya na Legas, da ihun kwandasta har ya zama ba a jin komai sai ƙarar wayar da yake kira ba a ɗauka. Matasan editoci suna da gaggawar yankewa, kuma a ganina nan suke ɓata aiki; ka bar hoton ya daɗe har mai kallo ya fara ƙosawa.

Idan ya zauna wurin mai shayi da dare, ka ajiye shi a gefen hoton, ka bar sauran bencin babu kowa.