Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan man haɗin amarya

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce saura wata biyu bikin ƙanwarki, mai gyaran jiki ta ba ta wani man haɗi a farar roba, ba suna ba rubutu, ta ce mata oganik ne, ga shi mako bai cika ba har ta fara haske. Kina son sanin ko yana da illa, da kuma sinadaran da ya kamata a guje musu a kayan kwalliya. Ni kantin magani nake riƙewa a cikin unguwa shekara da shekaru, don haka masu haɗa man nan da waɗanda man ya ɓata wa jiki duk ta gabana suke wucewa.

Don Allah ta ajiye man nan yau. Tunda ba ta daɗe tana shafawa ba, dainawar ba za ta yi mata komai ba. Hasken da kika gani shi ne hujjata. Fatar mutum tana ɗaukar wajen wata guda kafin ta sabunta kanta, to babu kurkur, babu zuma, babu man karas ɗin da zai sauya wa mace kala cikin kwana bakwai. Abubuwan da aka fi samu a irin wannan man guda uku ne: sitiroyid, haidirokwinon da makyuri.

Sitiroyid na fi sani, domin a kantuna irin nawa ake sayensa. Shi ne ke cikin 'yan ƙananan tub ɗin nan na ƙaiƙayi da ƙuraje, idan kin duba kwalin za ki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Magani ne mai kyau idan likita ya rubuta, a shafa ɗan kaɗan a inda ciwon yake na 'yan kwanaki, a daina. Amma mace za ta shigo mini ta ce a ba ta dozin biyu. In ce baiwar Allah, wa ke da ciwon fata haka a gidanku? Sai ta yi murmushi ta ce ai na haɗi ne. Idan ta je gida ta matse su kaf a roba, ta juye man shafawa mai arha a kai, ta ɗiga turare, ta barbaɗa ɗan kurkur don ya yi kalar gargajiya, ta cuɗa da cokali, ta ɗura a ƙananan robobi. Shi ke nan an sami oganik. Ni ba na sayar musu, amma na san daga wajena kanti na gaba suke nufa.

Yadda sitiroyid yake yaudarar mutum shi ne abin takaicin. Yana matse ƙananan jijiyoyin jini na fata, yana rage baƙin da fatar ke samarwa, sai a makonnin farko mace ta yi fes, ƙurajen fuska su kwanta, kowa na tambayarta me take shafawa. A ƙarƙashi kuwa fatar sirancewa take yi. Bayan wasu watanni sai korayen jijiyoyi su fito a hannu da cinya, fatar ta koma kamar ɓawon albasa, abu kaɗan ya taɓa ta sai ta kwaile. Sai nankarwa, ba irin siririyar nan ta masu ciki ba, mai faɗi, ja-ja, a hammata da damtse da bayan gwiwa. Akwai wata matashiya da ta taɓa jan ni bayan kanti ta ɗaga mini hijabinta, na ga damtsenta ya tsattsage, faɗin kowace tsaga ya kai ɗan yatsa. Ta ce Anti, wane mai ne zai goge wannan? Na rasa bakin da zan gaya mata cewa nankarwa tana dusashewa ne kawai, ba ta gogewa. Ban da wannan, sitiroyid yana raunana garkuwar fata, shi ya sa za ki ga ƙyasbi da makero sun bazu a jikin mai shafa shi sun ƙi jin magani. Idan kuma jiki gaba ɗaya ake shafawa safe da dare, yana ratsawa ya shiga jini: fuska ta kumbura ta yi zagaye, hawan jini ya taso, suga ya hau. Ciwo ma ba ya saurin warkewa, kuma ki tuna amarya ce, gobe ana iya yi mata tiyatar haihuwa, ɗinkin yana buƙatar lafiyayyar fata.

Ga sauran 'yan uwa masu karantawa da suka yi watanni ko shekaru a kan irin wannan man, ku taku dainawar daban ce. Kada ku yanke rana ɗaya. Fatar za ta yi ja, ta yi zafi, ƙuraje su feso, kuma jikin da ya saba samun sinadarin daga waje yana iya galabaita. Ku je wajen likitan fata da robar a hannu, shi zai tsara muku yadda za ku rage a hankali. Masu zuba tub a man jarirai don yaro ya yi fari kuwa, ku ji tsoron Allah. Fatar jariri ta fi ta babba shan abin da aka shafa mata nesa ba kusa ba.

Shi ma haidirokwinon magani ne, likitoci na ba da shi don baƙin tabo, na 'yan watanni, a kan tabon kaɗai. Hukumar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba, amma wa ya auna na cikin robar da ba ta da suna? Idan aka daɗe ana shafa shi ana shiga rana, sai ya juya ya yi akasin abin da ake nema. Kin san baƙin nan da ke kwanciya a saman kumatu da gefen ido, mata na cewa rana ce ta ƙona su? Sau da yawa man ne. Baƙin yana shiga can cikin fata, kuma yana da wuyar fita ko a hannun likita. Mace ta gan shi sai ta ƙara ƙarfin man, shi kuma ya ƙara baƙi. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, Kwaddibuwa ta hana mayukan bilicin a 2015, Ghana ta hana masu haidirokwinon a 2016. Mu kuwa, alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo sun ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske, har a 2023 NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa.

Makyuri, wani ƙarfe mai guba, ya fi ba ni tsoro, domin ɓarnarsa ba a fata take fara bayyana ba. Ƙoda yake kamawa da jijiyoyin jiki. Ƙafa da fuska su kumbura, fitsari ya riƙa kumfa, hannu ya riƙa rawa, ga mantuwa da rashin barci, a yi ta neman dalili ba wanda ya tuna da man shafawa. Yana ratsa mahaifa ya kai ga ɗan da ke ciki, yana bin ruwan nono, yana maƙalewa a tawul da zanin gado har miji da yara su samu rabonsu. Akwai yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Minamata, wadda aka sa wa sunan garin Japan da gubar makyuri ta yi wa mummunar ɓarna, kuma a 2023 ƙasashen suka amince a daina sa shi a kayan kwalliya kwata-kwata daga 2025. A jikin kwali yakan zo da sunan mercury, calomel ko mercurous chloride, sai dai masu sa shi ba kasafai suke rubutawa ba.

Tunda maganar biki ake, bari in taɓo lalle. Lallenmu na ganye ja yake yi, kuma sai an zauna da shi sa'o'i. Dayis ɗin da ke yin baƙi wuluk kafin awa guda, akasari sinadarin rinin gashi ne a cikinsa, wanda ake kira PPD, kuma ba a yi shi don a ɗora a fata ba. Na ga amaryar da kwanaki kaɗan bayan ƙunshi hannunta ya ɗuri ruwa, bororon ya bi zanen fulawar tsaf, ganye da reshe, daga yatsu har gwiwar hannu. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, yawanci ta shiga ke nan har abada, ko rinin gashi ta yi sai kanta ya kumbura. Wata ta yi sau goma lafiya, na sha ɗaya ya kama ta. Ni dai a ba ni jan lalle.

Sai kwalli. Na san wannan zai yi wa iyayenmu nauyi, amma kwallin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, mafi yawansa dalma ce. A 2011 a birnin Boston na Amurka an sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka bincika sai aka gano tozalin da ake sa masa ne, wanda aka kawo daga gida. Da aka auna shi, sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga yadda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, kuma dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwarsa. A daina ranɓaɗa wa jarirai shi.

Su faraben (sinadarin hana kaya lalacewa) da salfet (mai sa sabulu kumfa) da ake ta yaɗawa a intanet ba na cewa a yi watsi da zancensu, Turai ma ta hana wasu nau'o'in faraben guda biyar a 2014, kuma sabulu mai salfet da yawa yana busar da fata. Amma mace ta tsaya tana tantance waɗannan a kwalbar kamfani mai rajista alhali tana shafa haɗin da ba ta san ko mene ne a ciki ba, ta bar jaki tana dukan taiki.

Wata biyu ya ishi ƙanwarki ta yi kyau da kalarta. Man kaɗanya mai kyau ko man kwakwa bayan wanka tun jiki da ɗan danshi, sabulu mara ƙarfi, dilka sama-sama ba a dirje ta kamar za a cire fata ba, ta rage yawon rana, ta samu barci. Duk abin da za ta saya ta duba sunan kamfani, jerin abubuwan da ke ciki, lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ki raka ta wajen mai gyaran jikin, ki tambaye ta cikin mutunci ta lissafo abin da ta zuba ɗaya bayan ɗaya. Idan ta ce sirrin sana'a ne, ku biya ta kuɗin dilka da halawa ku bar mata manta. Idan kuma bayan ta daina kika ga fatar ta yi ja, ko tana zafi, ko ƙuraje sun feso, kada a sake sayo wani tub don a kwantar da su, ku tafi asibiti ɓangaren fata ku riƙe robar a nuna wa likita.