Zan Bar iPhone In Koma Samsung, Hirarrakina Na WhatsApp Za Su Biyo Ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamar makaranta ce a Tudun Wada, Zariya. Batirin iPhone 11 ɗina ya gaji, ina so in yi musaya da Samsung a wani shago a Sabon Gari, su ba ni ciko. Yaron shagon ya ce in yi ajiyar WhatsApp kawai, da na sa layina a sabuwar waya komai zai dawo. Ni ce uwar adashinmu, duk lissafin zubi yana cikin hirar nan, ga kuma saƙonnin murya na mahaifina, Allah ya jiƙansa. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya gafarta wa Baba. Gara da hankalinki bai kwanta ba. Kada ki miƙa wayar nan tukuna.

Abin da yaron ya faɗa miki ba gaskiya ba ne, kuma kullum sai na ji shi a bakin mutane, har da masu digiri daga jami'ar Ahmadu Bello ta nan Zariya. Layi ba ya ɗauke da hira. Aikinsa kawai ya karɓi lambobi 6 da WhatsApp ke turowa don tabbatar da ke ce. Ajiyar iPhone tana zuwa iCloud, ta Android kuma Google Drive, kuma rumbunan nan biyu ba sa buɗe wa juna ƙofa. Idan kika sa layi a Samsung, WhatsApp zai duba Google Drive, ya tarar babu komai, ya buɗe miki fayau. Sunayen guruf-guruf za su dawo, shi ya sa mutum ke murna a shago, sai ya je gida ya ga babu tsohon saƙo ko ɗaya. A lokacin an riga an goge tsohuwar wayar, wataƙila ma an sayar.

Ita kanta ajiyar ma a duba ta. Gigabait 5 kacal Apple ke bayarwa kyauta, hotunan biki ɗaya sun isa su cinye shi. Da yawa iCloud ɗinsu ya cika tun bara, ajiya ta tsaya, ba su sani ba. Abin da ke ƙona min rai, wasu yaran sun san haka sarai. Ciniki suke so ya faɗa kafin la'asar. In kin dawo da kuka su ce matsalar sabis ce, ko su karɓi kuɗinki su haɗa wayar da wata manhajar bogi a kwamfuta. Wani har kalmar sirrin Apple ɗinki zai nema wai zai taya ki. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe hotunanki da na 'ya'yanki, kuma yana iya kulle ki waje.

Hanyar da ke aiki tana buƙatar wayoyin biyu a hannunki lokaci guda. Ki samo kebul mai kan Lightning (irin na cajin iPhone ɗinki) a gefe ɗaya, USB-C (irin na cajin Samsung) a ɗayan. Samsung ɗin ta zama sabuwa fil ko wadda aka goge, ki haɗa su tun a saitin farko ta manhajar Smart Switch. Za ta nuna alamar QR, ki ɗauka da iPhone, WhatsApp ya kwashe hira da hotuna da muryoyi. Kada ki yi rajistar WhatsApp a sabuwar sai an gama, kuma da lambar da kike amfani da ita. Ki cika cajin duka biyun, kin san halin wutarmu. Muryoyin Baba kuwa, tun yau ki tura su ɗaya bayan ɗaya zuwa imel ɗinki, lissafin adashi ki kwafe a littafi.

In mai shago ya ƙi yarda ki zauna a gabansa a yi wannan, ki canja shago, ko ki sayi sabuwar ki sayar da tsohuwar bayan mako guda.

Sauran ba su da wuya. Manhajojin da kika biya kuɗinsu a App Store ba sa binki. AirPods za su yi aiki ta Bluetooth, agogon Apple kuwa ba ya aiki da Android. Ki kashe iMessage da FaceTime kafin ki cire layi, in ba haka ba saƙonnin tes na masu iPhone za su riƙa ɓacewa a hanya. Ki shiga manhajar bankinki a sabuwar waya ki tabbatar ta buɗe.

Sai kin kunna muryar Baba a Samsung kin ji da kunnenki, sannan ki kashe Find My (tsarin Apple na gano waya in ta ɓace), ki fita daga asusun Apple, ki goge iPhone da hannunki kafin ki miƙa.