Amsar tambaya a kan kalmar "oni" ta harshen Esperanto

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Malama, na saurari tambayarki a kan ko Esperanto, kasancewarsa ƙirƙirarren harshe, yana da hanyar da zai ce "an ce" ko "ana cewa" ba tare da an ambaci mai maganar ba.

Yana da ita, kuma kalmar ita ce "oni". Tun a littafin farko da likitan ido Zamenhof, wanda ya ƙirƙiro harshen, ya fitar a birnin Warsaw a shekarar 1887 take cikin jerin wakilan suna, a doka ta 5 daga cikin dokoki 16 na nahawun harshen, kuma daga "on" ta Faransanci aka samo ta. Idan an sace miki keke ba ki san ɓarawon ba, sai ki ce "oni ŝtelis mian biciklon", wato an sace mini keke. A ganina Bahaushe ya fi mai jin Ingilishi saurin kama wannan kalma, domin kullum a bakinmu take. Bambancin kawai shi ne, mu wakilin ne yake sauyawa da lokaci, mu ce an, ana, za a, su kuwa "oni" ba ta motsi, ƙarshen aikatau ne yake sauyawa: "oni diris" an ce, "oni diras" ana cewa, "oni diros" za a ce.

To, ga wurin da nake so a yi hattara, domin ni kaina na sha yin tuntuɓe a nan. "Oni" mutum take nufi, ko mutane, ko da ba a san su ba. Mu kuwa muna cewa ana ruwa, ana sanyi, alhali babu wani ɗan Adam da yake yin ruwan. Wanda ya ɗauko wannan ya ce "oni pluvas", to ya ce wasu mutane ne suke zubowa daga sama. Abin da ake faɗa shi ne "pluvas" kawai, aikatau shi kaɗai, babu wakilin suna a gabansa. Ana sanyi kuma "estas malvarme".

Haka nan "an dawo lafiya?" da muke yi wa babba don girmamawa, wannan ladabi namu ne. A Esperanto "vi", wato "kai", za ki ce masa kai tsaye, kuma ba zai ji an raina shi ba. Allah ya sa an gamsu, wassalamu alaikum.