Amsar hoton dajin Kanada da ya yi ja

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da dare. Alhaji, na ga hoton da ka turo na dajin nan da ya yi jawur, kana tambaya wai su masu dajin barci suke yi har abin ya kai haka, kuma me ya hana su feshi.

To Alhaji, ba gobara ba ce, ƙwaro ne, bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Macen ce ke huda ɓawon bishiyar fain ta shige, sai ta saki wani wari da ke kiran 'yan uwanta, su yi wa bishiyar taron dangi. Suna kuma shigo mata da wata fumfuna mai toshe hanyar ruwa, ita ce ke bar wa katakon shuɗi-shuɗi, ku na 'Yan Katako a Na'ibawa za ku fi ni gane wannan. A lardin British Columbia kaɗai, daga ƙarshen shekarun 1990, ya taɓa sama da hekta miliyan 18, a 2006 kuma iska ta ɗauke shi ya tsallaka duwatsu ya faɗa lardin Alberta da ke maƙwabtaka.

Abin da nake so ka riƙe, jan nan da ka gani an riga an makara. Bishiyar da ƙwaron ya shiga bana tana nan kore shar, sai baɗi za ta yi ja, lokacin 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sun tashi sun koma kan wata. Wallahi wannan shi ya fi ba ni tausayi, kana kallonta lafiya lau alhali ta mutu a tsaye. Shi ya sa jirgin sama da tauraron ɗan'adam irin Landsat jajayen suke nunawa, daga nan dole mutum ya taka da ƙafarsa, ya bi korayen da ke kewaye da su ɗaya bayan ɗaya, yana neman ɗigon ƙaro a jikin ɓawo da garin itace a gindi. Wadda aka samu sai a sare ta a ƙone kafin ƙwarin su tashi.

Hasashen yaɗuwar ƙwaron kuwa, masu dajin yanayi suke kallo. Sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili yana kashe tsutsar ƙwaron, to in hunturu ya zo da sauƙi sun san baɗi akwai aiki. Sai fari. Bishiya mai ƙoshin ruwa tana turo ƙaro ta tunkuɗe ƙwaron waje, mai ƙishirwa ba ta da wannan ƙarfin. Suna kuma rataya tarko mai irin warin nan, suna ƙirga abin da ya faɗa.

Maganar feshi, yana kare bishiya ɗaya-ɗaya in an yi kafin ƙwaron ya shiga. Da zarar ya kwanta ƙarƙashin ɓawo magani ba ya kai masa, balle daji mai faɗin nan. Allah Ya ba mu alheri, sai da safe Alhaji.