Ciwon kan da ke tafiya hutu tare da makaranta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina da yarinya 'yar shekara 10, ita ce ta fari, tana aji 5 a firamare. Wata huɗu ke nan kusan kullum sai ta ce kanta na ciwo, wani lokacin har da ciki. Sau biyu ana gwajin maleriya babu. Likita ya duba ta ya ce damuwa ce. Ni kuwa na rasa wace damuwa yarinyar da ba ta ciyar da kowa za ta yi. Babanta ya ce ƙiwar makaranta ce, kakarta ta ce kambun baka ne. Tana fita ƙarfe 7, ta dawo 2, Islamiyya daga 4 zuwa 6, bayan isha'i kuma malamin lesin ya zo saboda jarrabawar shiga sakandare. Farasitamol ya zama kamar abincinta. Abin da ya ɗaure min kai, hutun da ya wuce ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba. Ya zan yi?
Daga wata uwa a Gusau

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba ta lafiya, ya raya miki ita.

Ki fara da lallaɓar Babanta: yarinyar nan ba ƙarya take ba. Ke kanki, ranar da aka aiko cewa surukarki na nemanki yanzu-yanzu, ai kin san yadda ciki ke ɗurar ruwa. Haka yaro yake, sai dai shi ba shi da bakin cewa "ina tsoro", sai jikinsa ya faɗa. Naman wuya da ƙeya su ɗaure, kai ya yi kamar an tamke shi da ɗankwali. Tun da ciwon yana tafiya hutu tare da makaranta, to a makarantar ko a hanyarta za mu nemi abin.

Amma zo mu yi lissafin barcinta tukuna, don a nan na fi zargi. Malamin lesin ya tafi ƙarfe 9, ga aikin gida, ga wanke kwano, da ƙyar ta kwanta 10 da rabi. Asuba 5 da rabi an tashe ta. Awa 7 ke nan. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12 yake buƙata, wato kullum barci na bin ta bashin awa biyu, kuma barci ba ya yafe bashi. Ni a nawa ganin, lesin ɗin daren nan a sauke shi, ko a mayar da shi safiyar Asabar. Na san kin biya kuɗi, na kuma san 'ya'yan maƙwabta suna yi. Abin da ya shiga kan yarinya mai gyangyaɗi ƙarfe 9 na dare, kafin safiya ya zube. Ta kwanta 8 da rabi, kullum lokaci ɗaya, a kashe talabijin, wayarki kuma kada ta bi ta shimfiɗa.

Ba ki gaya min me take karyawa da shi ba. Idan ruwan shayi ne ake kurɓa a tsaye, bai isa ya kai ta ƙarfe 2 ba, ga shi ganyen shayi da lemon kwalba mai duhu suna da sinadarin kafin (caffeine) mai hana barci. Koko da ƙosai, kunun gyaɗa, ko ɗumamen tuwon jiya duk sun fi. Ki ba ta gorar ruwa, sannan ki duba ko tana dawowa da ita a cike. Lokacin da nake aikin jinya a ɗakin yara na sha jin wannan: 'yan mata da gangan suke ƙin shan ruwa don gudun ban-ɗakin makaranta. A zafin Maris da Afrilu da ke taɓa digiri 40, wannan kaɗai ya isa ya sara kai. Fitsari idan ya yi duhu, ruwan bai isa ba. Wasa kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya awa ɗaya ta ce a kullum ga yara 'yan shekara 5 zuwa 17. A jadawalin da kika zayyano ban ga inda za ta yi 'yar gala-gala ko tsallen igiya ba.

Farasitamol ɗin nan ki ja masa birki. Wanda ke shan sa kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yakan koma yana kawo ciwon kan. Kada ya wuce kwana biyu zuwa uku a mako, kuma da nauyinta ake auna shi, ba da ido ba. Asfirin kuwa, har da hodar ciwon kai irin su Alabukun da ke ɗauke da shi, ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16.

Yanzu ga mai wuyar. Kin ce ta fari ce, na kuma lura ko a wasiƙa sai kewaye kike yi. Kunyar ɗan fari ba laifi ba ce, amma yarinyar na buƙatar kunnen da za ta zuba wa magana. In ba za ki iya ba, ki sa ƙanwarki ko wata gwaggonta da suke shiri. Nawa yaron na biyu ya yi min irin wannan yana shekara 9. Duk yammacin Juma'a sai kai ya tashi. Na tsare shi da tambaya ya fi sau goma, sai ya ce ba komai. Rannan muna zaune ina tsinke zogale yana taya ni, idona na kan tire, sai na ji ya ce, "Umma, in mutum ya manta hadda sau uku, bulala nawa ne?" Ashe Asabar ce ranar karɓar hadda. Na aika Babansa ya gana da malamin, aka rage masa shafi. Ba a rana ɗaya ciwon ya tafi ba, amma ya tafi. Yara sun fi yin magana idan hannu na aiki kuma ba a kafe su da ido ba.

Taki ƙila bulala ce, ƙila wata ce ke ƙwace mata kuɗin tara, ƙila kuma hirarku ce ta manya. A Zamfara tun satar 'yan matan Jangebe a 2021 zancen 'yan bindiga bai bar tsakar gida ba, yaran kuma suna kwance kamar masu barci alhali kunnensu a buɗe yake. Ki rage irin wannan hira a gabanta. In ta faɗi tsoronta, kada ki ce "wannan ne abin tsoro?" Ki ji ta har ƙarshe. Ki koya mata shaƙar iska ta hanci a hankali, ta fesar ta baki kamar mai hura koko, sau biyar zuwa goma. Kaka kuma a ba ta nata aikin: ta riƙa yi mata addu'ar kwanciya tana shafa mata kai. Sai dai kada a riƙa barin ta a gida duk ranar da ta ce kai, don kowace ranar fashi tana ƙara wa gobe nauyi.

Akwai inda ba a jira. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara lokacin sanƙarau. Ciwon da ke tashinta daga barci ko ya zo da amai da sassafe. Gani biyu-biyu, tangaɗi, mutuwar hannu ko ƙafa, jijjiga. Ko ciwon da ya biyo bayan buguwa a ka. Waɗannan asibiti ne a ranar. In tana da sikila ma kada ki yi wasa da shi. Ki sa a gwada idonta, don yaron da ba ya ganin allo da kyau kansa kan yi ciwo. Idan kuma ciwon na bugawa ne, da tashin zuciya da gudun haske, ki duba ko akwai mai ciwon ɓarin kai a dangi, ki gaya wa likita.

Ki sayi ɗan littafin rubutu. Duk ranar da ta yi ƙorafi ki rubuta ranar, lokacin, abin da ta ci, ƙarfe nawa ta kwanta jiya, da darasin da ke gabanta. Bayan mako huɗu, in babu sauƙi, ki ɗauki littafin ku je wurin likitan yara a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau. Ki kuma rubuto min ranar da ta fi yawan fitowa a ciki.