Ka je gidan abokanka, kada ka yi bikin salla a ɗakin kwana

Assalamu alaikum, ɗana. Ya karatu, ya zafin Kuala Lumfur? Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa kiran waya, ba sai kuɗi sun ƙare ba.

Ka ce abokin ɗakinka, ɗan ƙabilar Malay, ya gayyace ka ƙauyensu yin ƙaramar salla, wani Basine da kuke aji ɗaya kuma yana so ka je gidansu bikin sabuwar shekararsu. Kana tambaya ko ya dace ka je, me za ka riƙa a hannu, in kuma an miƙo maka ambulan na kuɗi ka karɓa ko ka ƙi. Ka je duka biyun. Abin da ya rage shi ne ka san yadda ake shiga gidan mutane.

A Maleshiya idan biki ya zo, mutum yakan buɗe gidansa ga kowa, suna ce wa abin rumah terbuka. Malayawa su yi da salla, Sinawa da sabuwar shekara, Indiyawa da bikinsu na Dipabali. Har firaminista yana yin nasa. A zamaninmu, lokacin da nake karatu a can, Mahathir Mohamad ne, talakawa su yi dogon layi su gaisa da shi, su ci abinci su tafi. Ƙasar nan ta ga rikicin ƙabilanci ranar 13 ga Mayu, 1969, an rasa rayuka da yawa a Kuala Lumfur, har yau dattawansu ba sa son a tayar da zancen. A ganina shi ya sa suke riƙe da cin abinci a gidan juna hannu bibbiyu. Wanda ya gayyace ka da gaske yake yi, in ka ƙi zuwa kuma zai ji a ransa ko bai faɗa ba, don Malayawa mutane ne masu kawaici.

Ta ƙauyen tukuna. Ka sayi tikitin mota da wuri, domin kwanakin ƙarshen azumi kowa gida yake nufa, birni ya zama fayau. Ka tafi da kaftaninka da hula, kada ka ari kayansu, za su fi son ganinka cikin namu. Tsaraba ba sai mai tsada ba, dabino ko kayan marmari sun isa. Takalmi a bakin matakala ake barinsa. Ba a nuna mutum da ɗan ali, da babban yatsa suke nuni. In za ka wuce gaban manya ka ɗan russuna. Mata kuwa kada ka miƙa musu hannu, ka ɗora naka a ƙirji. Su Shafi'iyya ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, da asuba a ɗaga hannu a yi ƙunutu a bayyane. Ka bi limaminka ka yi shiru, ba muhawara ta kai ka ba.

Daren jajibiri kada ka kwanta. Ka fita bayan gida inda maza suke gasa lemang. Shinkafa ce mai danƙo da madarar kwakwa, a shimfiɗa ganyen ayaba cikin gora a ɗura ta, a jingina gororin a jere gefen wuta, ana juya su awa da awanni, hayaƙi na sa ido hawaye. Hirar da za a saba da kai a nan ake yin ta. Da safe a tsaga goran a yanka, a ci da rendang, naman da aka dafa da kwakwa da kayan yaji har ya tsotse ya yi duhu. Bayan an sauko daga idi za ka ga abin da ya fi komai taɓa ni a ƙasar: 'ya'ya, har masu furfura, su durƙusa gaban iyayensu ɗaya bayan ɗaya, su kama hannunsu su kai goshi, su nemi gafarar laifin fili da na ɓoye. Ana kuka sosai. Kai baƙo ne, ka jira a gama, sannan ka je ka gaishe da tsofaffin kamar yadda ka ga an yi. Koren ambulan da za a ba ka goron salla ne, ka karɓa da hannun dama, kada ka buɗe a gabansu. Kai ma ka canza ringit, kuɗin ƙasar, ɗai-ɗai ka raba wa yara.

Gidan Basinen ne na san ya fi damunka. Ka gaya masa tun yanzu ba ka cin alade, ba ka shan giya. Ba zai ji haushi ba, Sinawan Maleshiya sun tashi cikin Musulmi, da yawansu sukan sayo abincin halal na daban saboda baƙi. Ka riƙa lemo biyu, kada su zama huɗu, suna camfa huɗu da mutuwa. Kada ka sa baƙaƙen kaya, kada ka kai agogo kyauta. Jan ambulan ma'aurata ne ke ba marasa aure, ƙin karɓa rashin ladabi ne. Za a kawo wani faranti na ɗanyen kifi da yankakkun kayan lambu, kowa ya sa tsinken cin abinci ana watsa shi sama ana fatan alheri, wannan ba komai. Inda za ka tsaya shi ne wurin da suke kunna turare don kakanni da abin bautarsu, da kuma kartar kuɗi da sukan buga bayan cin abinci. Ka koma gefe cikin mutunci, ba wanda zai matsa maka. Malamai sun saɓa a kan halartar irin wannan biki, akwai masu tsanantawa. Ni abin da na fahimta, ziyarar maƙwabci daban, shiga ibadarsa daban. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tambayi malamin da ka yarda da shi a can.

Mu mun yi sa'a. A 1996 da 1997 da 1998 sallar azumi da sabuwar shekarar Sinawa sun faɗo mako ɗaya, ana ce wa abin Kongsi Raya, ba zai sake zagayowa ba sai daga 2029. Lokacin ina Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, ana cikin ƙaura daga Petaling Jaya zuwa Gombak, duka a gefen Kuala Lumfur. Abokaina na kusa uku ne: ɗan jihar Kelantan da muke ɗaki ɗaya, wani Ba'indiye Musulmi daga jihar Penang, da wani Basine mai shagon kwafin takardu. Da darajar ringit ta faɗi a 1997, kowa yana kuka da aljihunsa, Basinen nan ya buɗe mana littafin bashi, bai taɓa tambayarmu ba. Da muka gama aka rabu da alkawarin wasiƙa. Aka yi ta yi, sannan aure ya zo, aiki ya zo, adireshi ya canza.

Bara na je wani bikin al'adun ƙasashen Asiya a Abuja, jikoki suka ja ni. Ga raye-raye, ga tufafi, ga rumfuna, ni duk ban kula ba sai da ƙamshin rendang ya doke ni. Na tsaya na yi wa matar da ke zubawa gaisuwa da harshensu, ta saki ludayi tana dariya. Sai na ji ina tambayarta ko ta san ƙauyen abokina a Kelantan, alhali ita daga jihar Johor take, can ɗaya ƙarshen ƙasar. Da na koma gida na sa aka nemo mini shi a Facebook. Ɗansa ne ya amsa, ya ce baban ya rasu, amma hotonmu na ranar salla yana nan a falonsu. Allah ya jiƙansa da rahama.

Saboda haka in ka je, ka karɓi lambar iyayen abokinka da sunan ƙauyen, ba tasa kaɗai ba. Ina kuma da aike. Ranar da ba ka da darasi ka shiga Petaling Jaya, unguwar Seksyen 17, ka tambayi tsofaffin masu shaguna ko akwai wanda ya san mai kwafin takardun da ɗaliban Afirka suke zuwa wurinsa. Zan turo maka sunansa da hotonsa ta waya. In ka same shi, ka kira ni a gabansa, ko da tsakar dare ne a nan.

Kawunka.